Manomi Ake So, Ba Ɗan Boko Ba

Tun da Kolo ya fara neman aiki bai taɓa jin sanarwa irin wadda aka yi a rediyo ranar nan ba. Wata ƙungiyar agaji da ke Diffa tana neman mutum ɗaya da zai kula da gonar tattasai da ta buɗe wa 'yan gudun hijira a bakin kogin Komadugu. Zai tada injin ban ruwa, ya raba ruwa a fangali, ya zauna a bukkar gona, a riƙa ba shi albashi wata-wata. Har nan babu abin mamaki. Sai mai sanarwar ya gyara murya ya ƙara da cewa manomi ake so, ba ɗan boko ba, duk wanda ya taɓa taka jami'a kada ma ya wahalar da kansa.

Kolo ya daɗe yana juya maganar a ransa. Shi dai a iya saninsa, ana korar mutum ne don takardarsa ta yi kaɗan. Ya taɓa zama a filin ƙwallo da dubban irinsa, rana na dukansu, kowa da takardar jarrabawa a kan cinya, kuma har yau bai ji wanda aka ɗauka ba. A Abuja an ce ya je ya ƙaro digiri na biyu. A Damaturu an tambaye shi wa ya turo shi, da ya ce ba kowa, aka yi murmushi aka ce ya bar lambar wayarsa. Da yawo ya ishe shi sai ya tsallako kogi ya iske mahaifiyarsa Yakaka, wadda ta gudo daga Damasak tun lokacin da garin ya watse. Yanzu dako yake yi a kasuwar tattasai, yana ɗora buhuna a manyan motoci masu zuwa ƙasar da ta ba shi digiri.

Mutum ne da ba ya iya barin abu bai san dalilinsa ba, don haka ya bi diddigi har ya samo direban ƙungiyar a wurin mai shayi. Direban bai ɓoye komai ba. Ya ce sau biyu suna ɗaukar masu digiri daga Nijeriya, saboda suna jin Barbarci, yaren mutanen. Na farko ya samu aikin ofis a Maiduguri ya tafi ana tsakiyar dashe. Na biyu ko sallama bai yi ba, sai da tattasai ya ƙone aka gane bukkar ba kowa. Tun daga nan Madam Zahra'u, mai riƙe da aikin, ta rantse ba ta ƙara ɗaukar mutumin da ke da wurin zuwa.

Wurin zuwa. Kolo ya yi dariya shi kaɗai a hanyar gida. Karatun ƙasar noma ya yi, kuma tun kafin boko a gonar ubansa ya tashi, babu abin da za a nuna masa a ban ruwa. Aikin nan kamar don shi aka yi. Abin da ya rage kawai shi ne ya zama jahili, kuma wannan ba zai yi wuya ba, in ba don Yakaka ba.

Yakaka ba ta fito daga Damasak da komai ba sai zanen jikinta da labarin ɗanta. Gida ya tafi, gona ta tafi, miji ya riga mu gidan gaskiya, amma digirin Kolo yana nan, kuma ta mayar da shi abin gaisuwa. In aka ce mata ina gajiya, kafin ta gama amsawa ta kai ga jami'a. Ƙwadagon dashe take yi cikin matan da ke aiki a ƙarƙashin Ya Fanna, dattijuwar da ta ara wa ƙungiyar filin, kuma babu mace a cikinsu da ba ta haddace labarin ba. Sa'ar Kolo ɗaya ce: ba su taɓa ganinsa ba. A bakin Yakaka, ɗanta dogo ne mai kwat, wanda ake shirin kira Abuja ko yau ko gobe. Ba ta taɓa ambaton buhu ba.

Ranar gwaji da safe ya durƙusa kusa da ita tana ɗaura kallabi, ya kira ta yadda ake kiran uwa da Barbarci.

"Ya, in kin gan ni a gona yau, ba ki san ni ba."

"Ban san ka ba? Ni da na haife ka?"

"Na yau kaɗai. In suka ji na yi karatu ba za su ɗauke ni ba."

Ta saki kallabin ta dube shi da kyau, kamar mai son gane ko rana ce ta taɓa shi. Ya sake yi mata bayani tun daga farko. Ta ce ita a duniyarta ta ga ana ɓoye ciwo, ta ga ana ɓoye abin kunya, amma ba ta taɓa ganin an ɓoye ilimi ba. Ta ɗauki butarta ta fita ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ta ƙi ba.

Kolo ya zaci zai iske manoma 'yan kaɗan. Da ya karya kwanar da ke gangarawa bakin kogi sai ya ga taro kamar na sallar idi, maza sun cika inuwar bishiyoyi har sun malalo rana. Ya ja malafarsa ya rufe rabin fuska, ya nemi gefe ya tsuguna yana kallo. Akwai manoma na gaske, ka gan su ka san su, sun yi shiru suna taunar goro. Amma mafi yawa akwai wani abu a jikinsu da bai zauna daidai ba. Wani ya sa riga mai yagewa, yagewar kuwa ta yi kyau ainun, da gani almakashi ne. Wani malafarsa har yanzu tana ƙamshin kaba sabuwa. Wani ya taka ƙafar na kusa da shi ya ce "sori", sannan ya yi wuf ya gyara ya ce "gafara dai".

Sai idonsa ya sauka ƙasa, nan take ya gane. Takalmi ne, babba, mai igiya har ƙwauri, launin ruwan goro. Ga shi a ƙafar wannan, ga shi a ƙafar wancan, duk inda ya juya shi ne. Takalmin da ake raba wa wanda ya gama jami'a a Nijeriya in ya shiga sansanin bautar ƙasa. Kowa ya zauna a gida ya yi tunanin abin da manomi ke sawa in zai shiga laka, kowa kuma ya jawo abu ɗaya daga ƙarƙashin gado. Kolo ba zai yi musu dariya ba, domin shi ma da asuba ya jawo nasa, sai ya tarar ƙasan ya ɓantare, dole ya koma kan silifa.

Tsoro ya kamata ya fara kama shi, amma son sani ya riga. Su wane ne waɗannan, kuma ta ina suka ji? Ya riƙa matsawa daga wannan gungu zuwa wancan kamar mai neman inuwa. Ashe wani ne ya naɗi sanarwar ya jefa a wani zauren WhatsApp na masu neman aiki, kafin gari ya waye ta kai Jos. Wasu ta Gaidam suka biyo, wasu suka tsallako a kwalekwale. Akwai ɗan Potiskum da ya karanta shari'a, akwai wanda ya karanta sinadarai yana gasa masara a Gashuwa. Wani ma ya ce ba ya ko jin Barbarci, amma zai ce kurma ne a kunne ɗaya. Suna hira da Turanci ƙasa-ƙasa, suna ba juna shawara yadda ake riƙe fartanya a kafaɗa. Kolo ya ji kamar ya shigo cikin dangi, har ya kusa sa baki.

Abin da ya hana shi wata dariya ce da ya sani. Nasidi ne, mutumin Nguru, wanda suka kwana ɗaki ɗaya a sansanin bautar ƙasa, mai digirin lissafi. Ya rame, furfura ta fara fito masa a gemu, amma dariyar tana nan yadda take. Kolo ya ƙara jan malafa ya koma can bayan manoma.

Da farar motar ƙungiyar ta tsaya, Turanci ya ɗauke ɗif. Madam Zahra'u ta fito, gajeriyar mace mai gilashi, ta tsaya tana kallon taron baki buɗe. Ya Fanna ta taso daga wajen matan da ke dashe a ɗaya gefen, tana share hannu a zane, ta tsaya kusa da ita. Madam ta ce ba ta son dosiye, ba ta son takarda ko ɗaya, ruwa ne zai yi magana. Aka tada inji. Kowa a ba shi fartanya, ya buɗe wa ruwa hanya ya cika fangali, ya toshe, ya wuce da shi na gaba ba tare da ya karya kunya ba.

Kolo ya tsaya gefe yana kallo. Ya sa rai masu takalmi za su yi ta faɗuwa a laka, sai ga shi ba haka ba. Lauyan Potiskum ya ja ruwa kamar a gonar gidansu, Nasidi ma bai bar ko ɗigo ya ɓalle ba. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne kamarsa, an sayar da amfanin gona an kai su makaranta don kada su dawo gona. Da aka zo kansa ya cire silifa ya shiga, ya yi nasa tsaf, Ya Fanna ta gyaɗa kai. Amma ta gyaɗa wa mutane da yawa kai kafin shi, kuma aiki ɗaya ne.

Madam tana tsaye a kan kunya tana bin ƙafafu da kallo. Can dai ta kasa haƙuri.

"Wai ni mine ne wannan takalmi? Duk ku iri ɗaya. Wace kasuwa ake saida shi?"

Wani ya ce Gaidam. Wani ya ce gwanjo ne. Wani ya ce yayansa ya ba shi, na kusa da shi ya ce shi ma yayansa ne. Madam ta ce ikon Allah, ta duƙa ta taɓa na mutum ɗaya, ta ce yana da ƙwari, ya kamata porje, wato ƙungiyar, ta saya wa ma'aikata irinsa. Ba zargi take yi ba, sha'awa ce kawai, kuma da an yi shiru kaɗan da ta wuce. Manoman Damasak da na Malam Fatori da ke wurin sun san takalmin sarai, amma suka ci gaba da taunar goronsu.

Kolo bai shirya yin magana ba. Ya dai tuna nauyin buhu a wuya, ya dubi yawan ƙafafun nan, sai ya ji muryarsa ta fita daga ƙarƙashin malafa.

"Ba a saida shi, Madam. Gwamnati ke ba wanda ya gama jami'a."

Madam ta miƙe a hankali, ta cire gilashi ta goge ta mayar. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce duk mai wannan takalmi ta gode da zuwansa, Allah ya ba shi wanda ya fi wannan, amma ita an riga an ƙona ta sau biyu. Lauyan ya fara rantsuwa cewa shi ko an kira shi fadar shugaban ƙasa ba zai bar gonar ba, ta ce na biyun ma haka ya faɗa. Suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zagi Kolo, kuma da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Nasidi ne kaɗai bai bi su ba. Ya tako har gaban Kolo, ya sa yatsa ya ɗaga malafar.

"Na ce na san muryar nan. Kolo, kai ne ka yi mana haka?" Ya juya wajen Madam. "Wannan namu ne. Tare muka yi bautar ƙasa."

"Ban san shi ba," in ji Kolo. "Ni ko firamare ban ƙare ba."

Nasidi ya ce, "Ɗan Damasak ne. Da wayata yake kiran uwarsa in nasa caji ya ƙare. Yakaka sunanta."

Ya Fanna ta ɗaga gira. "Yakaka? Yakaka tamu mai ɗa a jami'a?" Ta juya ta ƙwala kira wajen masu dashe.

Kolo ya ga mahaifiyarsa ta miƙe daga duƙe, hannu ɗaya a ƙugu. Ta taho a hankali ta kan kunya, laka har gwiwar hannu, da damin irin tattasai a hannunta da ta manta ba ta ajiye ba. Sauran matan suka bar aiki suka biyo ta, don ba a barin irin wannan a ji a bakin wani. Ya yi ƙoƙarin haɗa ido da ita ya tuna mata maganar safe, ta ƙi kallonsa.

"Inna, kin san wannan?" in ji Madam.

"Ɗana ne."

Kolo ya runtse ido.

"Shi ne wanda ya yi jami'ar?" in ji Ya Fanna. "Ko kina da wani?"

"Ɗa guda gare ni."

Yakaka ta dubi irin da ke hannunta, ta kaɗe masa ƙasa. Sannan ta ɗaga kai ta dubi matan da ta shekara tana cika wa kunne, ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙarya nake yi muku," ta ce. "Bai yi karatun komai ba. Kowa na da abin faɗi a gona, ni ba ni da shi, sai na ƙirƙira. Dako yake yi a kasuwar tattasai. In ba ku yarda ba ku dubi kafaɗarsa."

Ta matso ta ja wuyan rigarsa gefe da hannunta mai laka. Kanta ce baƙa, mai kauri, wadda buhu ya yi masa. Madam ta leƙa ta gani. Wata daga cikin matan ta tuntsire da dariya, wata ta tafa hannu ta ce dama ita tun farko ba ta yarda ba, wane mai digiri ne zai bar uwarsa tana dashe. Wata ta tambaya ko kwat ɗin ma na buhu ne. Yakaka ta tsaya tana sha, fuskarta ba ta motsa ba.

Nasidi ya riga ya zaro waya, babban yatsansa na kan gilashin, kuma Kolo ya san hoton da yake nema, su biyu cikin kakin sansani suna dariya. Nasidi ya daɗe yana kallon tsohuwar. Sai ya mayar da wayar aljihu.

"Kama ce ta ruɗe ni," ya ce. "Ku yi haƙuri, Inna."

Ya juya ya bi sauran, takalminsa na ɗaukar laka a kowane taku. Ya Fanna ta raka shi da ido, ta dawo da kallonta kan Yakaka. Ta ce wa Madam cikin waɗanda suka rage ba wanda ya kai yaron nan iya ruwa. Madam ta ce dakor, ta yarda, gobe ya zo buro, ofishinta, a ba shi makullin inji.

Haka Kolo ya samu aikin da ya yi shekaru yana nema. Ya sha zana wannan rana a ransa, yadda zai ruga gida da albishir, amma bai taɓa zana ta da kunya ba. Kunya ce kuwa ta cika shi, ta Nasidi da ta mutanen da ya hango suna jiran kwalekwale a bakin ruwa, da wata wadda ta fi su nauyi. Yakaka ta koma layinta ta duƙa. Daga inda yake yana jin matan suna kiranta uwar injiniya suna shewa.

Da la'asar sakaliya ya iske ta a gida tana tsince tsakuwa a gero. Ya zauna a bakin tabarma. Ya so ya yi godiya, ya so ya ba da haƙuri, ya rasa wanda zai fara. Daga ƙarshe ya ce in ya kama aiki sosai, in Madam ta ga ba ya da niyyar gudu, zai je ya faɗi gaskiya a gaban matan nan duka.

"Ka bar shi," ta ce. "Sun fi son wannan labarin."

Ta ci gaba da tsinta. Can ta ture faifan gefe ta gyara zama ta fuskance shi.

"Faɗa mani sunan karatun nan naka, yadda yake da Turanci. Ban taɓa iya shi daidai ba."

"Me za ki yi da shi yanzu, Ya?"

"Tunda ba zan ƙara faɗinsa a waje ba, kar ya ɓace mani."

Ya faɗa mata a hankali, gaɓa-gaɓa. Ta maimaita ƙasa-ƙasa, ta leƙa ta kan zana ko maƙwabta na ji, sannan ta ce ya sake.